Ka tare rana tun tana waje

In bazara ta shigo, daga watan Maris zuwa watan Mayu, magana ɗaya ce a bakin kowa, a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Har cikin gaisuwa ta shiga. A ce maka: "Ina zafi?" Ka ce: "Lokacinsa ne." Gaskiya ne, lokacinsa ne. Zafin da ke waje ba mu da iko da shi. Amma zafin da ke cikin ɗaki, mai karatu, wannan kam da hannunmu a ciki. Mafi yawansa mu ne muka buɗe masa hanya ya shigo, mu ne kuma za mu iya tare shi, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Kada ka ɗauki maganar da wasa. Zafi yana kisa. A farkon watan Afirilu na shekarar 2024, zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. A asibitin Gabriel Touré na Bamako, an ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana 4 na farkon watan. Shekara guda kafin haka, a watan Afirilu gaba ɗayansa, mutum 130 ne suka rasu a wannan asibiti. Da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne. Mali maƙwabciyarmu ce. Ranar da ke dukansu ita ce ke dukanmu.

To, in an ce a rage zafin ɗaki, me mutum ke fara tunawa? Fanka, wadda muke ce wa bantilater. Mai hali kuma ya tuna na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai a ganina mun fara daga inda bai kamata ba. Fanka ba ta sanyaya iska. Kaɗa ta kawai take yi. In iskar ɗakin mai zafi ce, mai zafin za ta watso maka. Jikin mutum mai lafiya digiri 37 yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce in zafi ya wuce digiri 40, fanka tana ƙara wa jiki zafi ne. A garuruwanmu kuwa, a watan Afirilu, wuce 40 da rana ba labari ba ne. Sannan ga maganar kuran. Lokacin da kowa ya fi bukatar wuta, lokacin ne aka fi ɗauke ta. Waɗanda suka ga watannin ƙarshen shekarar 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sun san abin da nake nufi. A ƙauye kuwa, gidaje da yawa wayar ma ba ta kai ba.

Saboda haka mu tambayi kanmu: ta ina zafin ke shigowa?

Ta sama yake shigowa. Da tsakar rana, ka taɓa kwanon rufi, wato tol, in ka isa. Ba za ka iya barin hannunka a kai ba. Kwano siriri ne. Da rana ta dake shi, nan take ya ɗauki zafi, nan take ya sako shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa. In ɗakin ba shi da silin, wanda wasu ke kira filafon, to kai da tanderun mai burodi bambancinku kaɗan ne. Shi ya sa za ka ga mace da goyo ta gudu daga ɗakinta da azahar, ta koma gindin bango, tana bin inuwa duk inda ta juya.

Hanya ta biyu ita ce bango, musamman bangon yamma. Daga azahar har faɗuwar rana, shi rana ke gasawa. Bulon siminti yana shan zafin, ya riƙe, sai dare ya yi ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki. Ka taɓa lura? Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, waje ya yi sanyi, amma ɗaki yana nan kamar an hura wuta. Ka dafa bangon yamma za ka ji shi da ɗumi. Ranar da ta faɗi tun ɗazu ce ke cikin bangon.

Kakanninmu sun san wannan, ko da ba su da ma'aunin zafi. Dubi tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, ko na tsohon garin Agadas. Bango mai kauri na tubali. Rufin soro na azara da ƙasa. Taga ƴar ƙarama a can sama. Zaure mai ƙofa biyu, iska na ratsawa. Bangon ƙasa mai kauri ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Kafin zafin rana ya ƙetare shi, dare ya yi, mutanen gida sun fito tsakar gida. Ka shiga irin wannan zaure da azahar, ka ji kamar an yayyafa maka ruwa.

Mun bar wannan mun koma kwano da siminti. Ba na zargin kowa. Soro yana son yaɓe kowace shekara, yana yoyo, in damina ta yi ƙarfi yakan faɗi ya danne mutane. Azara ta yi tsada, giginya ta yi ƙaranci. Duk wanda bango ya taɓa faɗo wa ɗiyansa, ba za ka hana shi son siminti ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ginin ƙasa na matalauta ne, kwano kuma shi ne wayewa. Masallacin Yama, a jihar Tawa, na ƙasa ne. Magini Falke Barmu ne ya fara gina shi a 1962, a 1986 kuma ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gini na duniya. A Dandaji, nan jihar Tawa, ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. A Burkina Faso, wani mai zanen gini, Francis Kéré, ya yi wa ƙauyensu Gando lakwal a 2001. Ya yi amfani da kwano, amma dubi dabararsa: ya yi rufin ƙasa a ƙarƙashi, ya ɗaga kwanon sama, ya bar fili tsakaninsu iska na wucewa. Kwanon ya tare ruwa da rana, iska ta kwashe zafinsa, yara suna karatu a inuwa.

Wannan dabarar ita ce gaba ɗayan maganata. Kada ka bari rana ta taɓa abin da ke taɓa ka. Ka sa wani abu tsakani, ka bar iska ta wuce.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce: "Ni haya nake yi. Ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, cikin jerin ɗakuna. Ba ni da ikon rushe bango." Haka ne. Amma akwai abin da ɗan haya zai iya yi da hannunsa.

Fara da silin. Ba dole sai na katako ba. Tabarmar kaba tana yi. Kwali mai kauri yana yi. Buhunan da aka farke aka ɗinka suna yi. A ɗaure su ƙarƙashin kwano, a bar tazara kamar kamu ɗaya tsakaninsu da shi. Tazarar nan ita ce aikin, in ka manna su da kwanon ka yi aikin banza. In akwai ƴan ƙofofin iska a saman bango, tsakanin silin da kwano, kada ka toshe su da tsumma. Ta nan zafin ke fita. In kana tsoron ɓera ko jemage, sa musu raga. Abu ɗaya dai: kada tabarma ko kwali su taɓa wayar kuran ko ƙwan fitila. Gobarar bazara ba ta jiran a ɗebo ruwa.

A saman kwano kuma, mutane da yawa suna shimfiɗa zana ko karan dawa, su danne da duwatsu. Yana rage zafi sosai, don rana ba ta ganin kwanon. Ya fi kyau a fara jera ƴan sanduna, sannan a ɗora zanar a kansu, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. A ɗaure da kyau, don iskar farkon damina ba ta da kunya. Da ruwa ya sauka kuma a kwashe, in ba haka ba zana za ta riƙe laima, kwano ya yi tsatsa, kai da mai gida ku yi rigima.

Sai farin fenti. Kowa ya san farar riga ta fi baƙa sanyi a rana. Haka rufi yake. Fari yana mai da hasken rana sama, baƙi da tsatsa suna shanye shi. A birnin Amadabad na ƙasar Indiya, zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutum fiye da 1300. Bayan haka hukumar birnin ta tsara yadda za ta kare jama'a, cikin abubuwan da ta yi har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. An auna, an ga irin wannan rufi yana rage zafin ɗaki da digiri 2 zuwa 5. Kada ka raina digiri 2. Tsakanin barci da rashin barci, wani lokaci shi ke nan. Kwano yana son fenti. Bango da rufin siminti kuwa farar ƙasa ta ishe su, ta kuma fi araha. Sai dai ƙurar hunturu tana rufe farin, saboda haka a share rufin ko a wanke shi kafin bazara.

Bangon yamma inuwa yake so. Kafa rumfa a jikinsa, ko ka jingina zana, ka bar ɗan fili tsakani. Taga ma haka. Labulen da ke cikin ɗaki ya makara, don kafin rana ta same shi ta riga ta shigo. Asabari ko tabarma da aka rataya ta waje sun fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Itace kuwa ya fi su duka, amma yana son haƙuri. Dogon yaro da aka dasa yamma da ɗaki, cikin ƴan shekaru zai rufe bango da rabin rufi. Ranar 3 ga watan Agusta ake dashen itace a ƙasarmu. Ana dasa dubbai a bakin hanya, wasu su rayu, wasu awaki su cinye. Da kowane gida zai dasa ɗaya a yamma da ɗakin kwana, ya riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke, da mun ga bambanci. A ja shi nesa da bango kaɗan saboda saiwa. Ɗan haya zai ce: "In dasa wa wani?" To, shuka abin da ke yaɗo: duma, ko kabewa, ko soson wanka. Kafa masa sanduna ya hau. Zogale ma yana saurin tashi, ga inuwa ga miya.

Yanzu maganar buɗe ƙofa da rufewa. A nan mutane da yawa suke kuskure, don babu doka ɗaya ga kowane ɗaki. In ɗakinka na ƙasa ne mai kauri, ko na siminti mai silin, rufe ƙofa da taga tun hantsi, kafin iskar waje ta yi zafi. Sanyin asuba da ɗakin ya sha zai daɗe a ciki. Kada ka buɗe sai rana ta faɗi. In dare ya yi a buɗe komai. Amma in kwano ne tsirara, ba silin, to da rana cikin ɗakin ya fi waje zafi. Rufe shi kamar rufe tukunya ne a kan murhu. Wannan a bar shi buɗe, a tare hasken da asabari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwajin ba wuya: tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya a inuwar waje. In waje ya fi sanyi, buɗe. In ciki ya fi, rufe.

Iska kuma tana son mashiga da mafita. Ɗaki mai ƙofa ɗaya ba taga, iska ba ta da abin yi a cikinsa. Hura cikin kwalba ka gani. In akwai taga a bangon da ke kallon ƙofa, kada ka tare ta da kabad ko tarin kwanonin jere. Uwargida, ki yi haƙuri, jere yana da kyau, amma a bazara ki matsar da shi gefe. Mai fanka kuma, da dare ka ajiye ta a bakin taga ko ƙofa, ta riƙa jawo iskar waje mai sanyi tana turowa ciki. Wannan ya fi ka bar ta tsakiyar ɗaki tana juya zafi ɗaya.

Ruwa shi ne na'urar sanyinmu ta asali. Me ya sa ruwan randa ke da sanyi, na jarka kuma kamar an dafa? Randa tana tsatsafo. Ruwan da ya tsatso yana bushewa, in zai bushe sai ya tafi da zafi. Gumin jikinka ma aikin da yake yi ke nan. Wani malami ɗan jihar Jigawa a Najeriya, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Tumatir da tattasai sai su yi kwanaki ba su lalace ba, ba firigo, ba kuran. Har kyauta ya samu a duniya saboda haka.

Haka za ka yi wa ɗaki. Jiƙa buhun algarara ko tsohon zane, rataya a taga ko ƙofar da iska ke shigowa. Iskar da ta ratsa shi da sanyi za ta iso. Da marece a yayyafa wa tsakar gida ruwa, har da gindin bangon yamma. Na san ruwa da kuɗi ake sayensa wajen ƴan ga-ruwa. Ba na cewa ka zubar da na sha. Ruwan ɗauraya ya isa. Yayyafi dai, ba kwari ba, don kada a tara wa sauro gida. In kana da fanka kuma zafi ya yi tsanani, jiƙa jikinka ko rigarka tukuna, sannan ka zauna gabanta. A nan ne take amfani. Amma ka san wannan: dabarar ruwa tana ci ne lokacin da iska ke bushe, a Maris da Afirilu. In damina ta kusa, iska ta yi laima, jiki na danƙo, jiƙaƙƙen buhu ba ya bushewa, sai ya ƙara wa ɗaki nauyi. Lokacin nan a cire shi, a nemi iska kawai.

Akwai kuma zafin da muke haifarwa da kanmu. Girki cikin ɗaki, da gas ne ko da gawayi, a fitar da shi waje. Gawayi a rufaffen ɗaki ma kisa yake yi, ko da sanyi ko da zafi. Tsohon ƙwan fitila mai ja yana ba da zafi fiye da haske, sabon nan fari da ake ce wa LED bai cika zafi ba, bai kuma cin kuran da yawa. Firigo yana sanyaya cikinsa, ya watso zafi ta bayansa, kada ya kwana ɗaki ɗaya da kai in akwai wani wuri. Katifar soso kuwa, a bazara jingine ta. Tabarma ko gadon kara sun fi ta, iska na bi ta ƙarƙashi.

Kwanan waje al'adarmu ce, kuma tana da kyau. A ɗaura gidan sauro, ko da ana ganin babu sauro. Ya fi a cusa mutum takwas cikin rufaffen ɗaki. Bazara lokacin sanƙarau ne, cunkoso a ɗaki marar iska kuwa yana taimaka masa yaɗuwa.

Ka sa ido kan waɗanda ba za su ce sun gaji ba: jarirai, da tsofaffi, da masu ciki, da marasa lafiya. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai an miƙa masa ruwa an tsaya ya sha. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi, a riƙa ba shi akai-akai, uwar ce za ta yawaita shan ruwa. In fitsari ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. In ka ga mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana jiri, yana magana ba kan gado, ko ya suma, kada ka tsaya cewa iska ce. Kai shi inuwa, rage masa tufafi, zuba masa ruwa a jiki, yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hankalinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Sauran magana ta masu gidajen haya ce. Alhaji, in ka jera ɗakuna goma, rufi ƙasa-ƙasa har hannu na taɓa kwano, ba silin, taga ɗaya kamar ramin kusu, tsakar gida an malale da siminti ba itace ko ɗaya, ka rage kuɗin gini, amma masu haya ne ke biyan sauran da barcinsu da lafiyar ɗiyansu. Tun ran gini ran zane. Ƙara layi biyu na bulo a tsawon bango, da taga ta biyu, da ƙofofin iska a sama, ba su ne za su karya mai gini ba. Ku kuma da ke haya gida ɗaya, ku je wurinsa tare. Rufinku ɗaya ne, fentin ma tare ya kamata a saya. Ku nemi a cire kuɗin cikin na haya, ko a raba.

In kuma ɗaki kake nema yanzu, kada ka je dubawa da safe, kowane ɗaki mai kyau ne da safe. Je da la'asar. Shiga, rufe ƙofa, tsaya kaɗan. Ɗaga kai ka ga ko akwai silin. Dafa bangon yamma. Duba ko iska na da mafita. Zana da kara kuwa a saye su bayan kaka, lokacin da suke da yawa a kasuwa, a ajiye. In ka bari sai Afirilu, kowa nema yake, mai zana kuma ya sani.